Baƙar Motar Gindin Tsamiya

Ku matso kusa. Wannan labarin ba a ɗaga murya a kansa.

Kun san Sallau bakanike na Malumfashi? Ba ku riske shi da ƙarfinsa ba. Mutum ne siriri, marar yawan magana, tsofaffin motoci ne sana'arsa. Wata ranar Laraba ya je Funtuwa sayen kayan gyara, yamma ta yi masa a can. Matarsa Lantana kuwa cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Don ya yi sauri sai ya saki titi, ya bi tsohuwar hanyar 'yan auduga a kan babur ɗinsa, shi kaɗai, gab da almuru.

Yana isa wajen wata babbar tsamiya babur ya mutu. Ya buga, ya buga, shiru. A cikin shirun nan ya ji ƙas, ƙas, ƙas.

Ga mota a gindin tsamiyar, baƙa wuluk, irin ta zamanin Turawa, bonet a buɗe, inji yana aiki. Wani dattijo na tsaye a gefenta cikin farar riga har ƙasa.

Sallau ya yi sallama. Dattijon bai amsa ba.

"Bakanike," ya ce, "ka daɗe."

Muryar ta hanci take fita. Kuma ga mutumin a gabansa, amma maganar kamar daga bayan kunnensa take zuwa.

"Baba, sauri nake yi. Iyalina ba lafiya."

"Babur ɗinka zai tashi in motata ta gyaru."

Sallau ya kwance jakar kayan aikinsa. Ya san ciwon motar tun daga nesa. Kusoshin da ake saita bawul ɗin inji da su ne suka yi sako-sako, shi ya sa ƙarfe ke dukan ƙarfe.

"A kashe ta, Baba. Sai inji ya huce ake wannan aikin."

Ba wanda ya taɓa makulli. Injin ya yi tsit.

"Taɓa," in ji dattijon.

Ya ɗora hannu. Sanyi ƙalau, kamar gindin randa.

Ya cire murfin inji, ya fara. Ya sassauta noti da sufana, ya murza kusar da sukudireba, ya zura siririn ƙarfen awo ya ji ya shige daidai, ya ɗaure. Ya koma ta gaba. Ba tsuntsu, ba gyare, ba ko iska. Duk kusar da ya ɗaure sai ya ji wani ya ja dogon numfashi a cikin motar, kamar mai farkawa daga barci.

Sufana ta suɓuce masa ta faɗi ƙasa. Ya duƙa ɗauka. A ƙarƙashin motar ciyawa ta tsiro har ta ratsa tayoyin. Daga ɗaya gefen kuma, inda rigar dattijon ta ɗan ɗage, ya ga ƙafafun. Kofato ne irin na jaki, kuma baya suke kallo.

Bai yi ihu ba. Ya miƙe a hankali, yana karanta Ayatul Kursiyyu a zuci, tana kuɓuce masa yana sake kamowa.

"Me ka gani?"

"Sufanata, Baba."

Ya ɗaure kusa ta ƙarshe, ya mayar da murfi. Injin ya tashi da kansa, lumui, ko motsinsa ba a ji sosai. Ƙofar baya ta buɗe.

"Shiga ka saurare ta muna tafiya. Akwai wuri."

Sallau ya leƙa. Mutane ne zaune a jere cikin duhu. Na bakin ƙofa yana sanye da tsohuwar rigar aiki duk baƙin mai, da wata sufana mai tsatsa a cinyarsa. Fuskarsa ta bushe kamar ƙirgi. Ya dubi Sallau, ya girgiza kai kaɗan, kaɗan ƙwarai.

"Baba," in ji Sallau, "daga waje ake jin inji. Ku ja ta, ni ina nan ina saurare."

Can nesa, daga wani ƙauye, ladan ya ɗaga kiran magariba. Dattijon ya yamutsa fuska, ya cafki hannun Sallau na dama ya matse.

"To. Sai ranar da ta sake kwancewa."

Motar ta wuce ta cikin ƙaya da kututture, ko ganye bai motsa ba. Babur ya tashi a bugu ɗaya. Sallau bai san yadda ya kai gida ba. Ya tarar Lantana ta sauka lafiya, an sami mace, amma shi sai da ya yi kwanaki yana zazzaɓi, malamai na yi masa tofi.

Da ya koma gareji aka lura da wani abu. Duk notin da ya ɗaure da hannun nan ba ya sake kwancewa. Ƙarti sun karya sufana a kai sun haƙura. Igiyar ragon suna da ya ƙulla sai da wuƙa aka yanke ta. Masu motoci suka yi ta tururuwa wurinsa, shi kuwa bai ƙara ba kowa hannun nan a gaisuwa ba, 'yarsa ma da hagu yake ɗaukarta. In an tambaye shi sai ya ce, muddin yana numfashi motar can ba za ta nemi kowa ba.

Sallau ya rasu bara, da damina. Wata bai cika ba masu motoci suka fara dawowa gareji, notunan da ya ɗaure shekara da shekaru duk sun saki.

Kai Nafi'u, kai ne ka fara koyon gyaran mota, har kana yawo da sufana a aljihu. Kada in ji ka bi hanyar 'yan auduga kai kaɗai. In kuwa tsautsayi ya kai ka, ka ji wani ya kira ka bakanike alhali ba ka faɗa masa sana'arka ba, ka bar masa babur ɗin, ka gudu da ƙafa.