Ƙofofi Shida a Aliero

An sace jarkar maganin busar da fenti daga shagon Hajiya Rakiya a Jega Sabon Gari. Jarka ɗaya tak, babu irinta a duk yankin. In ba ta dawo kafin Juma'a ba, aikin fentin gadajen asibitin yara ya kuɓuce mata, don sharaɗin aikin shi ne kada a sa sinadarin kobal, wannan maganin kuwa babu kobal cikinsa.

Sufeto Almu ya juya kwadon ƙofa. Ba fasawa aka yi ba.

"Hajiya, wa ke da makulli?"

"Ni da ɗiyata Mufida. Sai Tamu, da ya yi man haɗin fenti shekara tara kafin ya buɗe nashi shago Aliero. Ya ce nashi ya ɓace."

Mufida, wadda ta karanta ilimin sinadarai, ita ta samo maganin. Ta ce, "Yallaɓai, tsohon maganin, mai kobal, cikin gwangwanin madara ake zuba ma bokiti. Wannan sabon, murfin kwalba ya isa."

"In mutum ya zuba gwangwani fa?"

"Sama ta bushe, ciki ɗanye. Farin fenti ya koma ɗorawa, ya yamutse."

Almu bai rubuta komai ba. Ya hau babur, sai Aliero.

Tamu ya tarbe shi da dariya. "Ranka ya daɗe, rabona da Jega tun Sallah. Mi zan yi da maganin 'yan boko?"

Almu ya wuce shi ya zaga bayan shago. Ga ƙofofin ƙarfe shida na wani dillalin albasa jingine a rana, duk sun yi ɗorawa. Ya danna babban yatsa. Fentin ya zame kamar fatar kunu.

"Zafin rana ne," in ji Tamu. Almu ya ɗago wani gwangwanin madara da ke gefen bokiti, cike da magani.

"Ranar ce ta cika maka wannan gwangwanin?"

Tamu ya zauna kan bokiti. Can ya ce, "Shekara tara ina awo da shi, ban taɓa kuskure ba. Yarinyar da na goya ce za ta koya man awo?"

"Da ka bari ta koya maka, da ban kama ka ba. Fito da jarka, mu tahi."

Ran Alhamis gadaje suka bushe fari tas. Almu ya shafa ɗaya, ya nuna ma Mufida tafinsa, ba ko ɗigo. Ya gyara hula ya fita yana taku ɗai-ɗai.

Tamu ya sha wata takwas a gidan yari. Da ya fito, babu wanda ya ƙara kai masa ƙofa a Aliero.