Tudun da Na Share

Tocila, gorar ruwa, igiyar awo, taswira biyu: ta zamanin kakanni da wadda na zana. Da su nake tafe a bakin kogi lokacin da duhu ya rufe.

A tsohuwar taswirar akwai ɗigo tara a kan tudu, gidajen manoma. A tawa na share su, na rubuta "babu kowa". Gobe zan sa hannu, masu gina madatsar ruwa su karɓi kwarin har da tudun. A tudun aka haifi mahaifina. Tun dawowata daga karatu ban taka wurin ba.

Wata dattijuwa ta yi mini sallama, fartanya a kafaɗarta.

"Mai takarda, duba mini hanyar gida. Kwana uku nake zagaye, tudun ya ɓace mini."

Kwana uku ke nan da na share wurin a taswirata.

"Iya, ni baƙo ne a nan."

Ta yi dariya. "Baƙo? Kai, mai gidana! Boko ya sa ka saki matarka?"

Kakata ce kaɗai ke kirana haka. Ta rasu ina can wurin karatu, ko gaisuwa ban zo ba. Na kasa haska fuskarta, na haska ƙasa. Laka ce, sawuna kaɗai ke ciki.

Na koma masauki, na rufe ƙofa. Ba zan sa hannu ba.