Ƙwai Shida da Kishin Zuhra

Ranar da Zuhra ta fara sanin Sharhabilu, idonta a ɗaure yake da ƙyalle.

Madam Iveren, shugabar ma'aikata a wani kamfanin gyaran riɗi da ke Lafiya, ita ta ƙirƙiro abin. Sau biyu a shekara ake rufe ofis a fita filin bayan sito wasannin haɗin kai, wai don 'yan ofis da 'yan sito su daina yi wa juna kallon hadarin kaji. Sai a zuba sunaye a hula a ja bibbiyu. Ɗaya a ɗaure masa ido a ba shi faranti mai ƙwai shida, ɗayan ya yi masa jagora da baki kawai tsakanin buhuna har ƙarshen fili.

Zuhra satinta biyu da fara aiki. An riga an ɗaure mata ido kafin a ja sunan mai yi mata jagora.

"Kada ki ji tsoro, ina nan. Taku biyu gaba. Yauwa, a hankali."

Murya ce mai sanyi, babu gaggawa a cikinta. Ƙwai shida suka isa lafiya lau, zuciyar mai farantin ce ta zame. Da aka kwance ƙyallen sai ga dogon saurayi, Bagwandare ɗan Adogi, mai kula da awo a sito, yana murmushi yana sosa ƙeya.

Kafin wata guda saƙonni sun kankama.

"Tauraruwata, yau na auna buhu ɗaya sau uku. Kin wuce ta ƙofar sito ne."

"Manomina, ka kula da aikinka kada a ce ni na lalata ka. Ka ci abinci?"

Mahaifinta, Alhaji Kalilu mai atamfa na Bukan Sidi, bai yi na'am ba. "Mu 'yan kasuwa ne tun daga Kano," in ji shi. "Ban san gidansu ba, ban san halinsa ba." Wata biyar Zuhra tana roƙo, tana bi ta wajen Inna, kafin ya ce manyan yaron su zo ranar Asabar ya ji ta bakinsu. Ya kuma ja mata kunne cewa bai ce ya bayar ba.

Ranar Talatar makon nan wasa ya sake zagayowa, dokar Madam kuwa ba a maimaita abokin wasa. Hula ta haɗa Sharhabilu da Muhibbat ta sashen talla, wadda kowa ya san ta daɗe tana neman dalilin zuwa sito. Zuhra aka ba ta Oga Aondover, dattijon direban kamfani, ta yi masa jagora.

Tana cikin cewa "Oga, dama kaɗan," sai ta jiyo daga layin gefe:

"Kada ki ji tsoro, Muhibbat. A hankali."

Muryar ce dai, da sanyinta, ba a rage komai ba. Zuhra ta kasa kunne. Ashe haka yake yi wa kowa? Ita da take zaton nata ne ita kaɗai! Ta juya ta zuba musu ido, ga Muhibbat tana wani rangwaɗa da faranti kamar amarya. Bakin Zuhra dai na ta cewa "gaba, gaba," shi kuma Oga bawan Allah yana ta bi, har ya zurma cikin kwatar bayan sito, ƙwai shida a ƙirji.

Su Muhibbat ne suka ci wasan. Kafin la'asar hotonsu ya shiga guruf ɗin ma'aikata, ana ta jera musu furanni. Zuhra ta buɗe hoton nan ya fi sau ashirin, kishi na cin ta.

"Tauraruwata, lafiya kika tafi ba sallama?"

"Ka tambayi wadda ba ta jin tsoro."

Ta kashe wayar. Fushi bai bar ta nan ba, ta samu mahaifinta a zaure ta ce, "Baba, maganar Asabar a bar ta. Na fasa." Alhaji ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "To."

Ranar Alhamis Oga Aondover ya shigo ofishinta yana ɗingishi. Ta miƙe za ta ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Zuhra, ka jefa ni gota saboda love, no wahala. Amma yaron nan bai yi komai ba. Jiya Muhibbat ya kawo masa tuwo da miyan agushi a kula, a gabana. Yaron ya ce na gode 'yar'uwa, ya kira mu duka muka cinye. Ya ce mata Asabar kawunsa za su je gidan su Zuhra. Abeg, kunna waya."

Ta kunna. Saƙo ɗaya ne:

"Ban san laifina ba, amma ki yi haƙuri. Kawu ya riga ya sayi goro. In ce masa me?"

Sai a lokacin ta tuna abin da ta gaya wa Baba. Ta kuma san Alhaji Kalilu ba a yi masa magana biyu.

Ta same shi yana jera atamfofi a shago. Ta durƙusa, kunya kamar ta nutse.

"Baba, ban fasa ba. Kishi ne. Na ji yana yi wa wata magana a hankali, yadda yake yi mini."

"Shi ne laifin?"

"Kowa yake yi wa haka, Baba."

Alhaji ya ajiye turmin da ke hannunsa. "Makon jiya na je Adogi da ƙafata. Daga limami har tsohuwa mai ƙosai, maganar ɗaya ce: yaron nan bai iya ɗaga wa mutum murya ba, kowa nasa ne. A kan wannan na yanke zan ba shi, sai kika zo kika ce kin fasa. Wanda ya iya lallaɓa bare ba zai wulaƙanta mini 'ya ba. In wanda zai yi wa duniya tsawa ya yi miki taushi ke kaɗai kike nema, ki sani wata rana layi zai zo kanki."

Zuhra ta sunkuyar da kai tana hawaye tana dariya.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a Bukan Sidi. Wajen walima ango na ta gaisa da 'yan matan ofis ɗaya bayan ɗaya, da muryar nan tasa. Amarya ta ji abin ya motsa, ta haɗiye rabi, rabin kuma ta mintsine shi da shi ta ƙarƙashin mayafi.

"Wayyo, Tauraruwata, me na yi kuma?"

"Ba komai. Ci gaba da gaisuwarka, ina ji."

Alhaji Kalilu ya ɗora musu hannu a ka. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Kai kuma, Allah ya ƙara maka haƙuri, don za ka buƙace shi."

Zuhra ce ta fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.