Kofin Ganyen Luang Ta Saeng

Da hantsi rahoto ya iske Sufeto Prayong cewa an tsinci gawar Luang Ta Saeng, tsohon malamin Buda da ke shugabantar gidan ibadar ƙauyen Don Kha, a gindin matakalar ɗakinsa. Sufeto ya ja ƙafa ya shiga mota. Aikin ya daɗe da fita masa a rai, ritaya kawai yake jira.

Kafin ya isa, 'yan ƙauye sun gama shari'a. Sun tsare Kaka Thongbai, wadda ta yi shekaru tana daka wa marigayin ɗanyen ganyen wiwi a turmi, ta tace ruwan, saboda ciwon gwiwa. Wai ita ta bugar da shi ya faɗo. In zargin ya tabbata, a kurkuku za ta ƙarasa 'yan kwanakinta.

"Ɗana, ganyena bai taɓa ganin wuta ba," in ji ta. "Da yana bugarwa, ai da ni ma ina rawa a kasuwa."

Likitar gunduma ta ce lallai akwai maye a jinin tsohon. Amma ta ƙara da cewa abin da ke cikin ɗanyen ganye ba ya sa maye, sai ya ji zafin wuta yake juyewa. Ko yana maganin gwiwa? Ta ɗaga kafaɗa, ta ce har yanzu bincike ake yi.

A ɗakin marigayin, Sufeto ya ɗauki kofin da ake ba shi ruwan ganyen a ciki, ya shafa cikinsa da yatsa. Maiƙo ne, da ƙamshin man kwakwa. Ruwan Kaka kuwa tsinkakke ne, ba shi da ko ɗigon mai.

Ya sa aka kira Baba Khampan, ƙanen marigayin, wanda ke jinyarsa tun da ciwon ya kwantar da shi. Idanunsa sun faɗa. Ya rantse bai taɓa kofin ba, yana can yana shara.

"To wa ya ba shi?"

"Ita mana. Da hannunta ta tallafo kansa, ta kai masa baki."

Sufeto ya sauke numfashi. Ko ƙaryar ma ba a iya yi masa da kyau yanzu.

"Baba, a nan aka haife ni. Tun yaushe mace ke taɓa malamin Buda? Ko kwano ba ta miƙa masa hannu da hannu. A ƙofa take ajiye kofin, kai ne mai shigarwa."

Daga nan ya shiga bincike. A bayan madafa, ƙarƙashin tulin ɓawon kwakwa, Sufeto ya zaro ƙaramin kasko, da ragowar furen wiwi da aka soya har ya yi baƙi.

Khampan ya zube a kan tabarma ya faɗi komai. Ɗan'uwansa kwana yake yi yana nishi, yana kiran sunansa, a juya shi, a matsa masa ƙafa, a kai shi bayan gida. Tun farkon damina Khampan bai yi barcin kirki ba. Sai ya soya furen a mai, ya zuba a kofin, don malamin ya yi shiru. Bai zaci zai tashi shi kaɗai ya nufi matakala ba.

"Kuma ka bari a ɗaure wannan baiwar Allah?"

"Na gaji ne, Sufeto. Har gaskiyar ma na kasa ɗauka."

Tausayi ya kama Sufeto, kuma ya ji haushin kansa da ya ji tausayin. Bai fito da ankwa ba. Ya riƙe masa gwiwar hannu, suka wuce ta gaban Kaka Thongbai, wadda tuni aka sake ta, ta kawar da kai tana ɗauraye turminta.

Ba su kai gadar bakin ƙauye ba, Sufeto ya duba madubi. Khampan ya jingina kai da taga, baki a buɗe, yana ta sharar barci. Sufeto ya rage gudu, ya bi da motar a hankali yana kauce wa ramuka.