Ciwon Firdausi a Bakin Dangi

Firdausi na tsakar gida tana tsintar shinkafa, mahaifiyarta Inna Rabi na gefe tana gyaran zogale, sai suka ji sallamar Gwaggo Kande daga zaure. Ƙanwar mahaifin Mainasara ce, saurayin da aka sa musu rana da Firdausi bayan girbin dawa. Tun kawo lefe ba ta sake tako gidan ba, don haka Inna Rabi ta yi saurin shimfiɗa mata tabarma, Firdausi ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo ruwa.

Gwaggo Kande ko kallon kofin ba ta yi ba.

"Rabi, ba zan tsaya kewaye-kewaye ba, Hajiyar Mainasara ce ta aiko ni. Mun ji an ce yarinyar nan tana da ƙari a ciki, har likita ta ce sai an cire mata mahaifa. Ya za a rufe mana magana irin wannan? Kin san shi kaɗai ne namiji a ɗakin uwarsa."

Firdausi ta sunkuyar da kai. Ta daɗe tana fama da ciwon mara da yawan zubar jini duk wata. Shekaranjiya, bayan an tashi daga firamaren da take koyarwa, ta biya wani asibitin kuɗi a cikin garin Daura aka yi mata sikanin, wato hoton ciki. Dokta Amatullah ta ce ƙari ne ya tsiro a jikin mahaifa, ba mugun iri ba ne, amma gara a yi tiyata a cire shi. Inna kaɗai ta gaya wa. Ko Mainasara, tana ta juya yadda za ta fara masa maganar.

"Wa ya kai muku wannan labari?" in ji Inna Rabi.

"Murja mana, ɗiyar maƙwabciyar Hajiya. Ai a ɗakin kati na asibitin take aiki, da idonta ta gani a fayil."

Firdausi ta ce a hankali, "Gwaggo, ba mahaifa aka ce za a cire ba, ƙarin ne kawai..."

"Haka suke cewa kullum, 'yar nan, sai an kwantar da mutum. Hajiya dai ta ce a dakata da maganar biki tukuna."

Bayan fitarta Firdausi ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta. Ba ciwon ne ya fi ƙona mata rai ba. Ta tuna yadda ta kwanta a gadon sikanin tana jin kunya, ta faɗi abin da ko ƙawarta ba ta taɓa gaya wa ba, ashe kafin ta iso gida maganar ta riga ta zaga unguwa. Da Inna ta shigo sai ta share hawaye ta ce, "Inna, ni da asibiti har abada. Waɗanda ba su riƙe maganata ba, su zan ba wa cikina su tsaga?"

Inna Rabi ba ta musa ba. Yayarta a wajen tiyatar haihuwa ta rasu, tun daga nan jin sunan wuƙar likita kawai ke tayar mata da hankali. Washegari ta aika Zango wajen mai maganin gargajiya aka karɓo wa Firdausi saiwoyi da garin magani.

Da la'asar Mainasara ya zo a kan mashin ɗinsa, daga shagon hatsinsa na kasuwa. Suka zauna a zaure, ita can ƙarshen tabarma, kanta a ƙasa.

"Yaya Mainasara, ka turo a kwashe lefenku. Ba na so ka saɓa wa Hajiya a kaina."

"Lefen ya yi miki laifi ne?" Ya yi ɗan murmushi, da ya ga ba ta ɗago ba sai ya gyara zama. "Firdausi, ni ke na nema, da lafiyarki da ciwonki. Abu ɗaya ne ya dame ni, da na ji shi a bakin mutane ban ji a naki ba. Na kuma san da an bar ki da kin gaya mini."

"To ka sani ba zan yarda a yi mini tiyata ba."

"Jikinki ne, ba mai kai ki da ƙarfi. Ni dai ina tsoron jinin nan da kike zubarwa."

A gida kuwa Hajiya ta kafe. Ta ce ga 'yan mata nan cike da dangi, har ta ambaci wata ɗiyar ƙanenta a Sandamu. Mainasara ya durƙusa gabanta ya ce, "Hajiya, ba zan ɗaura aure ba sai da albarkarki. Amma ki yi mini haƙuri, ba zan iya neman wata ba alhali waccan na kwance. In ni ne ciwon ya kama, ba za ki so su guje ni ba." Hajiya ta juya masa baya. Bai fasa gaishe ta safe da yamma ba, bai kuma fasa zuwa zauren su Firdausi ba.

Aka yi girbi, aka kai dawa rumbu, ranar biki ta zo ta wuce shiru. Firdausi na ta shan jiƙe-jiƙe, ciwon na nan inda yake. Tafin hannunta ya yi fari fat, in ta hau matakalar aji sai ta tsaya ta huta. Ran nan tana rubutu a allo jiri ya ɗebe ta, malamai mata suka kawo ta gida a Keke Napep. Duk da haka da aka ce asibiti sai ta girgiza kai.

Mainasara ya rasa abin yi, ya tafi asibitin da kansa ya nemi ganin Dokta Amatullah. Da ya dawo, Inna Rabi ta ba shi izini ya shigo har ƙofar ɗaki.

"Na je wajen likitarki," ya ce.

Firdausi ta yunƙura ta zauna. "Kai ma fayil ɗin ka je a buɗe maka?"

"Na so hakan, ba zan ɓoye miki ba. Na ce mata ni ne mijin da za ki aura, ta yi mini bayanin ciwon. Kin san me ta ce? Wai ko an ɗaura, ba za ta faɗa mini ko kalma ɗaya ba sai da izininki. Na yi magiya har na gaji. Da na ba ta labarin Murja kuwa, sai da ta ajiye biro. Ashe ba ta sani ba, tana ta mamakin rashin dawowarki. Ta ce in gaya miki an ci amanarki a ƙarƙashin kulawarta, tana neman afuwa, kuma za ta kai maganar gaban shugaban asibiti."

Firdausi ta ɗago ta dube shi. Ta ce, "Da gaske ta hana ka?"

"Wallahi kamar ta kore ni."

Karo na farko cikin watanni ta yi dariya.

Ba ta amince nan take ba. Ta ce za ta je ta ji bayani kawai, kuma da Inna. Dokta Amatullah ta rufe ƙofar ofis da hannunta, ta zana musu mahaifa a takarda ta nuna inda ƙarin yake. Firdausi ta jero tambayoyinta ba ta rage ko ɗaya ba.

"Likita, in kun buɗe kuka ga dama ku cire duka fa?"

"Ba a taɓa mahaifarki sai in ranki ne ke cikin haɗari, wannan kuma ba kasafai yake faruwa ba. Ba zan ce miki babu haɗari sam ba, ba kuma zan yi miki alƙawarin haihuwa ba, wannan na Allah ne. Abin da na sani, barinsa ya fi cire shi haɗari. In zuciyarki ba ta kwanta da ni ba, ki je Katsina wani likitan ya duba ki, ba zan ji haushi ba."

Inna Rabi ta ba ta labarin yayarta tana hawaye. Likitar ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ta ba.

Sun je Katsinan, bayani ya zo ɗaya. Firdausi ta yi istihara, ta ce a sa ranar tiyata. Da aka nemi jini, Mainasara ne ya fara miƙa hannu.

A tsakanin nan Hajiya ta je wani suna a unguwarsu. Tana zaune wata mata ta matso ta ce, "Sannu Hajiya, ashe ciwon suga ya kama ki? Murja ke faɗa, kafin a sallame ta daga aiki." Maganar ta yi wa Hajiya zafi, don ko 'ya'yanta mata ba ta gaya wa ba. Ta dawo gida tana tuna abin da aka yi wa Firdausi, ta sa aka kira mata Gwaggo Kande.

Aikin tiyata ya yi kyau. Da Firdausi ta farfaɗo ta ga Inna a gefenta, a ɗaya gefen kuma Hajiya ce da kwanon farfesun kaza a cinya. Ta yi ƙoƙarin tashi ta gaishe ta, Hajiya ta dafa kafaɗarta.

"Kwanta, ɗiyata. Na saurari mai kawo magana, ban tambayi mai ciwo ba. Ki yafe mini. Haihuwa in Allah ya kawo muna so, in bai kawo ba ke ɗin kin ishe mu."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Firdausi ta tare da ƙafarta, cikin ƙoshin lafiya, Hajiya da kanta ta karɓe ta a ƙofar gida. Sai da suka shekara biyu suna jira, babu wanda ya taɓa yi mata gori, kafin Allah ya ba su ɗa namiji.

Ciwon mutum amana ne a hannun duk wanda ya gani, mai yaɗa shi yana iya kashe aure, yana iya kashe rai. Wanda aka ci amanarsa kuma kada laifin mutum ɗaya ya sa ya guji magani, ya tambaya har zuciyarsa ta natsu. Mainasara bai ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba, bai kuma saki hannun masoyiyarsa ba, haƙurinsa ne ya haɗa masa su biyun a gida ɗaya.