Baƙin Ruwan da Mardiya Ta Tofar

Ran da Abdulƙadir ya fara ganin Mardiya, tana durƙushe ne bakin magudanar gidansu tana tofar da abin da ya dafa da hannunsa.

Washegarin Babbar Sallah ne a Tambuwal, a shekarun da kuɗin man fetur suka shigo gari, kowane ma'aikaci yana ji da kansa. Abdulƙadir malamin gona ne, bai daɗe da dawowa daga kwas a Kenya ba. Ya zo da gahawa iri-iri cikin gwangwanaye, da wasu ƙananan kofuna farare. Sai ya gayyaci abokansa zaure, su ɗanɗana kowane iri, su faɗi wanda ya fi.

Matsalar ita ce can shan abin kawai ya yi, bai taɓa dafawa ba. Ya soya 'ya'yan gahawar a kaskon da aka soya naman layya, ya sa aka daka a turmin daddawa, ya kuma hana a sa sukari ko madara, wai haka masana ke sha.

Mazan zaure sai yabo suke. Sambo ɗan kwangila, mai sabuwar mota Fijo, har da lumshe ido.

"Wallahi wanga shi na abin shan manya!" in ji shi.

Daɗi ya kama Abdulƙadir, ya aika wa mata nasu, ya bi baya don ya ji ta bakinsu. Nan ya tarar da Mardiya, baƙuwar ƙanwarsa Saudatu, wadda suke kwalejin horon malamai tare, ta zo yawon Sallah daga Kebbe.

"Saudatu, wa ka son kashe mu?" take cewa, hawaye a idonta. "Ga ɗaci, ga ƙarnin kitse, ga warin daddawa. Tir!"

"Ni nid dafa shi," ya ce daga bayanta.

Ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ba ta janye maganarta ba.

"Ka yi haƙuri, Yaya. Ko don kunya ba ni iya cewa ya yi daɗi."

"Maza sun ce ya yi."

"To ka duba bayan tabarminsu."

Da baƙi suka watse ya ɗaga tabarmi. Ƙasa jage-jage da baƙin ruwa, kitse ya daskare a kai, ƙudaje sun yi dandazo. Ya kurɓi ragowar da ke buta, ya tofar da sauri. Bai san wanda ya fi ba shi ƙyama ba, abin da ya dafa ko mutanen da suka yi ta yabonsa suna zubarwa. Mutum ɗaya ce ta gaya masa gaskiya a duk gidan, kuma fuskarta ta ƙi fita daga ransa.

Daga nan babur ɗinsa ya san hanyar Kebbe. Yana ce mata 'Yar Gaskiya, tana ce masa Mai Gahawa.

"Mi kag gani gare ni?" ta tambaye shi wata la'asar a ƙofar gidansu. "Ni da niz zage ka tun ba mu gaisa ba."

"Shi nig gani. Ina son in zamna da wadda in tac ce mani madalla, in san madallar ce."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi, tana wasa da bakin mayafinta.

Ashe Sambo ma ya gan ta a wannan rana. Ya aika da akwatuna, ta mayar masa. Sai ya tafi wajen mahaifinta, Malam Bube, mai karantarwa a Kebbe, ya ce Abdulƙadir yana tara samari yana ba su wani baƙin ruwa na ƙasar waje mai juya kai. Ya rantse shi kansa ya sha, ya yini bai san inda yake ba.

Malam ya hana Mardiya fita. Abdulƙadir ya zo, aka ce ba ta nan, ga kuma Fijo a ƙofar gida. Ya koma Tambuwal ko abinci ya kasa ci, yana ganin ita ma mota ta saye ta. Ana haka Saudatu ta miƙa masa 'yar takarda.

"Mai Gahawa, ban canza ba. Sambo ya ce wa Baba kana shayar da mutane abin maye. Na ce ƙarya ne, an ce so ya rufe mini ido. In kana so na, ka zo da abin naka gaban Baba. Taka, Mardiya."

Ranar Juma'a bayan an sauko, ya isa zauren Malam da gwangwanayensa, da kaskon, har da turmin ɗaure a bayan babur. Ya durƙusa.

"Allah shi gafarta Malam, ga abin. A dafa shi yadda nid dafa, a kira Sambo."

Aka kira Sambo, aka dafa, wari ya cika zauren, dattawan da ke wurin suka toshe hanci da bakin rawani. Malam ya yi bisimilla ya kurɓa. Fuskarsa ta yamutse, ya miƙe da sauri ya tofar a waje, ya daɗe yana kurkure baki.

"A'uzubillahi!" ya ce da ya dawo. "Yaro, na ga gahawa wurin aikin Hajji, halas na. Amma wanga naka azaba na. Ba mai sha nai don jin daɗi."

Ya cika kofi ya tura gaban Sambo.

"Kai kac ce ya juya maka kai. Shanye, mu gani."

Sambo ya kai bakinsa, ya riƙe a kumatu, idanunsa suka yi ja, ya kasa haɗiyewa. Ya feso shi a gaban babbar rigarsa ta shadda.

"Ko ran nan ban haɗiye ba," ya ce a hankali.

Malam ya dube shi irin kallon da ake yi wa mushe.

"Ka rantse da Allah bisa abin da ba ka sha ba, don ka ɓata ɗan mutane. Tashi ka ba ni wuri."

Da Fijo ta bar ƙofar gida, Malam ya juyo ga Abdulƙadir.

"Ka turo magabatanka. Amma da sharaɗi: ɗiyata ba ta shan wanga abu, kuma ba kai ba madafa har abada."

Dattawa suka kwashe da dariya. A bayan labule aka ji wata siririyar dariya, Malam ya yi kamar bai ji ba.

Bayan kaka aka ɗaura aure a Kebbe. Da motar amarya za ta tashi, Malam ya zo bakin taga, ya kama hannun 'yarsa ya sa a na Saudatu.

"Ku kai ta. Allah shi ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, shi sa su rabu da duniya suna son juna."

Jama'a suka amsa da amin. Mardiya tana kuka cikin mayafi, amma da motar ta hau hanyar Tambuwal, Saudatu ta leƙa ta ga murmushi take.