Hoton Sajan Ishaya a Jirgin Legas

Japhet na Rikoto ya ɗauki Saloma hoto a cikin jirgin sama, bai tambaye ta ba. A farkon daminar 2006 ne, jirgin Sakkwato zuwa Legas.

Mai hoto ne. Yana da ɗan shago kusa da kasuwar Zuru, da labule mai zanen benaye, inda mutane ke tsayawa su yi kamar a birni aka haife su. Kawunsa soja zai aurar da 'ya a Legas, shi ya aiko masa da tikiti ya zo ya ɗauki biki. Bai taɓa shiga jirgi ba. Tun daga mota ya rataya kyamara a wuya, don kowa ya san an zo.

'Yan Zuru huɗu ne a jirgin. Akwai Japhet. Akwai Prosper mai sayar da wayoyi, za shi saro kaya. Sai Sajan Ishaya na Dabai, tsohon soja, yanar ido ta rufe masa gani, za a yi masa aiki. 'Yarsa Saloma, malamar firamare, ita ke riƙe da hannunsa.

Prosper ne ya fara abin kunya. Ya fito da waya mai kyamara. Ya ɗauki kujera, ya ɗauki taga, ya ɗauki kansa baki buɗe. Sannan ya juya wa ma'aikaciyar jirgi.

"Malam, kashe wayar nan, za mu tashi," in ji ta. "Kuma ni ba ka tambaye ni ba."

Ya yi dariyar marasa kunya, ya kashe. Yaran yanzu ke nan. Ba su yarda sun ga abu ba sai sun ɗauke shi.

Japhet ya raina shi a zuci. Bai san nasa yana tafe ba.

Saloma na bakin taga, ubanta a gefenta, Japhet a tsallaken hanya. Rana ta faɗo a kan kuncinta. Japhet ya kalla sau ɗaya, ya kalla sau biyu, hankalinsa ya tafi. Ya kwance bel, ya miƙe, ya ɗaga kyamara.

Daidai nan jirgi ya shiga hadari. Ya yi ƙasa kamar an janye masa ƙasa, ya kama jijjiga. Sajan Ishaya ya yi yaƙi a Laberiya, harsashi bai sa ya sunkuya ba. Amma a can yana gani. A nan ba ya ganin komai. Ya damƙi 'yarsa, ya cusa kai a kafaɗarta, jikinsa na rawa.

Fitilar kyamara ta haska. Yatsan Japhet ya riga hankalinsa.

"Walƙiya ce?" in ji tsohon.

Saloma ta kalli Japhet kallon da bai manta ba har yau.

"Walƙiya ce, Baba," ta ce.

Ma'aikaciyar ta iso tana dafa kujeru.

"Zauna! Ɗaura bel! Ba ka ga alama ta kama ba?" Da ya zauna ta sunkuyo, ta rage murya. "Ka ɗauki gajimare, ka ɗauki fiffike, ka ɗauki takalminka in kana so. Mutum kuwa sai da izininsa. Fitilar nan kuma ba a kunna ta a idon jama'a. Ba shagonka ba ne nan."

Prosper na baya, ya ga komai. Ya ajiye a ransa.

A Legas, wurin ɗaukar kaya, Saloma ta zaunar da ubanta ta zo ta tsaya gaban Japhet.

"Goge shi."

"Fim ne, 'yar'uwa. Ba a gogewa."

"To kada ka wanke shi. Har abada."

Ya naɗe fim ɗin a gabanta, ya cire, hoto ɗaya tak ne a ciki. Ya sa a aljihu.

"Na yi alkawari. Ban ga Baba ba, ke na gani."

"Matsalarka ke nan. Ba ka ganin kowa sai abin da kake so."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Ki ba ni lambarki, in ba ki tawa, ki riƙa bincike ko na cika alkawari."

Ta yi tsaki. Amma ta bayar.

Aikin ido ya yi kyau, Sajan ya koma Dabai yana gani. Bayan sati uku saƙo ya shigo wayar Japhet.

"Mai Walƙiya, fim ɗin nan fa?"

Ya amsa: "Yana cikin gwangwanin madara, Ta Taga. Ko ni ban gan ki ba. Ina shan wahala."

Ta rubuto: "Ka ci gaba da sha."

Haka abin ya fara. In an tashi makaranta sai a gan shi a gindin mangwaro da keke, kyamara a cikin jaka, ba a wuya ba. Ya koyi wannan. Kullum sai ya tambaya.

"Ta Taga, in ɗauka?"

"A'a."

"Ko inuwarki?"

"Inuwar ma tawa ce."

Wata takwas yana tambaya. Ran da ta ce to, ya yi gaggawa har hoton ya fito a karkace. Ta karɓa ta ce shi take so.

Ya rubuta mata da safe: "Na tashi da tunaninki. Ko ba kyamara, kin zauna a idona."

Ta amsa: "Ka ci abinci tukuna, Mai Walƙiya. Nima ina tunaninka, amma kada kanka ya kumbura."

Prosper ma yana son Saloma. Ya riƙa zuwa Dabai a kan babur, turare na riga shi shiga gida. Ya kawo wa Sajan waya, Sajan ya ce yana da rediyo. Ya ce wa Saloma zai kai ta Legas ta zauna a bene, ta ce ta je Legas ta dawo. Da ya ji mutanen Japhet suna shirin zuwa gaisuwa, sai ya tuna abin da ya ajiye.

Akwai dogonyaro a bakin hanya inda tsoffin sojoji ke zama da hantsi. Nan ya faka babur.

"Kun ga hoton Sajan kuwa? Yana shagon Japhet. A jirgi, ya rungume mace yana rawar jiki kamar ɗan kaza a ruwa. Ana nuna wa duk wanda ya shiga."

Bai ga hoton ba. Ba wanda ya gani. Amma kafin Lahadi magana ta kai ƙofar coci. Wani ya tambayi Sajan, yana murmushi, ko jirgi ya fi Laberiya zafi.

Sajan ya dawo gida bai cire takalmi ba.

"Saloma. Ran nan a jirgi, walƙiya ce?"

Ta kau da kai.

"Na tambaye ki."

"Ba walƙiya ba ce, Baba."

"To ki gaya wa mai hoton nan, ƙafarsa ta taka gidana, zan karya ta. Mutumin da ya saci fuskata ba zai sami 'yata ba."

Saƙonta ya sami Japhet a shago.

"Ka wanke shi? Ka nuna wa mutane ubana? Ya ce in ka taka gidansa zai karya ƙafarka. Ka faɗa mini gaskiya sau ɗaya, sannan ka goge lambata."

Ya amsa: "Ban wanke ba. Gobe zan zo da shi, ko Baba zai karya ƙafar."

Ya zo. Ya tarar da Sajan a zaune a tsakar gida, da abokinsa Kofur Maharazu, wanda suka yi soja tare, yanzu tela ne. Japhet ya durƙusa, ya ajiye gwangwanin madara, ya buɗe.

"Baba, na yi laifi. Na ɗauka ban tambaya ba. Amma ga shi yadda na cire shi. Ido bai taɓa ganinsa ba."

"Ta yaya zan sani? Baƙin abu a cikin gwangwani."

Saloma ta fito bakin ƙofa. Idonta ya kumbura.

"In gaskiya ne, me ya hana ka zare shi a rana tun tuni, ya lalace kowa ya huta?"

"Kina ciki," in ji Japhet. "Na kasa."

Sajan ya tofar da yawu. Maharazu ne ya yi magana.

"Sajan, abin nan da sauƙi. Fim ba ya wankuwa sau biyu. In an kai shi yau hoton ya fito, to ba a taɓa wanke shi ba, ɗan wayoyin nan ƙarya ya yi. In bai fito ba, ka karya ƙafar, ni zan riƙe maka shi."

Washegari Maharazu da Japhet suka shiga motar Kontagora, inda mai wankin hoto bai san kowa ba. Da la'asar suka dawo. Maharazu ya ɗinke bakin ambulan da zare, irin aikin tela.

"A gabana ya fito. Hoto ɗaya da fim ɗinsa, suna ciki. Na kalla sau ɗaya don shaida. Shi yaron a waje na tsayar da shi."

"Me ke ciki?"

"Kai ne da 'yarka."

Sajan bai karɓa ba. Ya juya ga Japhet.

"Laifin nunawa ya fita. Laifin ɗauka yana nan. Ka san golmo?"

"Na sani, Baba."

"Ba ka sani ba, ji kake yi. Shekara bakwai na yi ina noma a gonar uban Leah kafin a ba ni ita. Ku yanzu ku danna abu da yatsa, ku ce kun yi aiki. Damina ɗaya za ka yi a gonata, daga shuka har girbi. In ka kai, ka aura. Ambulan ya zauna wurin Kofur. Ran biki ka ƙone shi a gabana da hannunka."

Japhet ya rufe shago rabin kowane sati. Hannun da bai san komai ba sai murɗa kyamara ya kama garma. Satin farko tafinsa ya yi ƙuraje, sati na biyu suka fashe. Kunyar shuka ta farko da ya ja ta fito a karkace kamar hanyar maciji. Sajan ya tsaya a kai ya kalla.

"Ko ina makaho na fi wannan. Sake."

Ya sake.

Saloma ta rubuto: "Na ajiye maka man kaɗanya a gindin tsamiya. Ka shafa. Kada ka gudu, Mai Walƙiya."

Ya amsa: "Ba inda za ni, Ta Taga. Yatsan da ya jawo abin ne kaɗai bai fashe ba."

Ran noma na biyu Prosper ya zo. Ya tsaya a bakin gona da farin takalmi, ya ɗaga waya zai ɗauki Japhet cikin laka, ya sami abin nuna wa gari. Bai ga Sajan a bayan dawa ba.

"Ka tambaye shi?"

Prosper ya juyo. "Baba, wasa ne kawai."

"Ni ma wasa ka yi da ni a gindin dogonyaro? Mayar da abin nan aljihu. Hau babur ɗinka. Kada ka waiwayo."

Bai waiwayo ba. Ba a sake ganinsa a Dabai ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Dawa ta nuna, aka girbe, aka kai rumbu. Sajan ya ɗebi zangarniya ɗaya, ya jujjuya ta.

"Ba laifi," ya ce. A bakinsa wannan yabo ne babba.

A watan Disamba na 2008 aka ɗaura aure. Daga coci aka dawo gida da rana tsaka, mata na guɗa, tsoffin sojoji sun jeru da lambobinsu a ƙirji. Saloma da Japhet suka durƙusa. Sajan ya ɗora hannu a kan kowannensu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya ba ku 'ya'ya masu kunya. Kai kuma, ka riƙe ta yadda ka riƙe garmar nan a ƙarshe, ba yadda ka riƙe ta da farko ba."

Aka ce amin. Maharazu ya matso ya miƙa ambulan. Japhet ya fito da ashana.

"Tsaya," in ji Sajan. "Ba na harbin abin da ban gani ba."

Ya tsinke zaren, ya ja da baya, ya zaro hoton.

Ga shi nan, kai a kafaɗa, ido a rufe, tsoho mai tsoro. Wannan bai ba shi mamaki ba. Abin da bai gani ba a ranar shi ne na kusa da shi. Saloma ta zagaye kansa da hannu ɗaya, ɗayan ta tare masa fuska daga idon mutane. Haɓarta a ɗage, ko alamar tsoro babu. Haske ya faɗo a kuncinta. Haka Leah take ɗaga haɓa in za a yi faɗa dominsa. Shekara goma sha ɗaya da rasuwarta, ba ta bar hoto ko ɗaya ba.

Ya daɗe yana kallo.

Ya mayar da hoton, ya buɗe aljihun ƙirji, ya sa ambulan a bayan lambobinsa, ya ɓalla maɓalli.

Japhet na durƙushe, ashana a hannu.

"Baba, alkawarin. A ba ni in ƙone."

"A'a," in ji Sajan Ishaya. "Ba zan bayar ba."